Wolfgang Borchert: Sojan da Ya Komo Ya Tarar da Ƙofa a Rufe

Da Editan mujallar nan tamu ya ce in rubuto tarihin wani shahararren mutum na dā saboda shafin Hausa, na san abin da yawancinku za ku sa rai ku gani, watau labarin wani sarki mai dawaki dubu, ko na wani jarumi da ya ci garuruwa da yaƙi. To, sai ku yi mini haƙuri. Mutumin da na zaɓo bai taɓa sarautar ko da unguwa ba, bai tara dukiya ba, bai yi aure ba balle ya bar baya. Bajamushe ne, sunansa Wolfgang Borchert. Kwanansa duka a duniya shekara 26 ne da wata 6. A cikinsu ya yi kusan 4 yana soja, yau yana bakin daga, gobe yana asibiti, jibi yana kurkuku. Ya yi 2 kuma yana kwance ba lafiya. A cikin biyun nan na ƙarshe ne ya rubuta abin da ya sa ake ambaton sunansa har yau.

Ga dalilin da ya sa na kama shi. Na taɓa kallon wani tsohon majigi na Jamusawa wanda aka yi a 1949, ana kiransa Liebe 47, watau Soyayya 47. Labarin wani soja ne da ya komo daga yaƙi da gurguwar ƙafa, ya tarar matarsa ta sa wani a gurbinsa. Majigin ya ƙare da daɗi, na tashi raina fari. Daga baya sai na sami wasan kwaikwayon da aka ɗauko labarin daga cikinsa, na karanta, na ga ashe mai wasan bai ƙare shi da daɗi ba ko kaɗan. Sai na ce lalle in bincika in ji wane ne wannan mutum, me kuma ya gani a duniya da ya hana shi rarrashin masu karatunsa. Abin da na samo shi ne zan gaya muku.

ASALINSA DA ƘURUCIYARSA

An haife shi ran 20 ga watan Mayu, 1921, a birnin Hambug, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Jamus, wadda ke bakin wani kogi mai suna Elbe. Ku riƙe sunan kogin nan, don za mu komo kansa. Ubansa, Fritz Borchert, malamin makarantar yara ne, irin aikin da mu ma ake horonmu dominsa. Uwarsa Hertha kuwa marubuciya ce, tana rubuta gajerun labaru, ba da Jamusancin littafi ba, da irin harshen da mutanen karkarar arewacin ƙasar ke yi a gida da kasuwa. Shi kaɗai suka haifa.

Ko da yake ɗan malami ne, bai zama abin misali a aji ba. Hankalinsa yana wajen waƙa da wasan kwaikwayo. Tun yana ɗan shekara 15 ya shiga rubuta waƙoƙi barkatai, yana kwaikwayon wani babban mawaƙi mai suna Rilke, kuma masana sun yarda yawancin waƙoƙin nan na ƙuruciya ba su da wani armashi. A 1938 ya bar makaranta bai kai ga jarrabawar ƙarshe ba. A 1939 aka sa shi koyon aiki a wani kantin littattafai, shi kuwa in ya tashi aiki sai ya zarce wajen wani gwanin wasa mai suna Helmuth Gmelin yana ɗaukar darasi.

Sai ku tuna a wane zamani yake tasowa. Hitila ya hau mulki a 1933, yaron yana da shekara 11. A zamanin nan kowa bakinsa a ɗinke yake, wanda ya yi suɓul da baka kuwa ya kwana a hannu. A watan Afrilu na 1940 'yan sandan ciki, waɗanda ake kira Gestapo, suka kama shi suka yi masa tambayoyi a kan waɗansu waƙoƙinsa, sa'an nan suka sake shi. Wannan shi ne karonsa na fari da hukuma, yana ɗan shekara 18.

A watan Maris na 1941 ya ci jarrabawar 'yan wasa, ya sami aiki da wata ƙungiya da ke zaune a Lüneburg, suna bin garuruwa suna nuna wasa. Shi da kansa ya ɗauki kwanakin nan a kan su ne mafi daɗi a rayuwarsa. Wata 3 kacal suka yi. A watan Yuni, watan da Hitila ya auka wa Rasha, aka kira shi soja.

BAKIN DAGA DA KURKUKU

Da ya gama horo a kusa da Weimar, aka tura shi Rasha a ƙarshen 1941, wajen wani gari da ake kira Kalinin a lokacin. Mu da ke kukan hunturu da ɗan hazon da ke fasa mana leɓe ba mu san sanyi ba. A can ruwa kan daskare ya zama dutse, wanda ya kwana a waje ba kayan kirki kuwa yatsunsa su mutu su ruɓe a jikinsa.

A watan Fabrairu na 1942 ya komo daga gadi da raunin harsashi a hannun hagu, har aka yanke masa yatsan tsakiya. Ya ce wani sojan Rasha ne ya ɓullo masa, suka kama kokawa, bindigarsa ta tashi. Na gaba da shi suka ce ƙarya ne, shi ya harbi kansa don ya guje wa yaƙi, laifin da hukuncinsa kisa ne. Yana fama da ciwon mashaƙo aka komo da shi asibiti a Jamus, daga nan aka wuce da shi kurkukun Nuremberg, ya yi wajen wata 3 a ɗaki shi kaɗai yana jiran shari'a. Mai gabatar da ƙara ya nemi a kashe shi. Ran 31 ga Yuli kotun soja ta ce ba shi da laifi.

Amma ba su sake shi ba, don sun riga sun karanta wasiƙunsa, sun ga inda yake zargin gwamnati. Aka ɗaure shi a kan wannan, sa'an nan aka mai da ɗaurin ya zama mako 6 na tsanani, da sharaɗin in ya gama a mai da shi bakin daga. Haka aka yi. A ƙarshen 1942 yana wajen Toropets a Rasha. Sanyi ya cinye masa ƙafafu, shawara ta kama shi, ga zazzaɓi mai zafi. Aka yi ta yawo da shi daga wannan asibiti zuwa wancan, tun daga Smolensk har cikin Jamus. Tun daga lokacin nan hantarsa ba ta ƙara komawa daidai ba.

A 1943 aka ba shi hutu ya je gida. Ya tarar da Hambug ta zama kufai, don a watan Yuli na shekarar jiragen saman Ingila da na Amurka sun yi mata ruwan bom, wuta ta cinye unguwanni, mutum fiye da 30,000 suka hallaka. Da likitoci suka ga ba shi da sauran ƙarfin yaƙi, aka shirya za a mai da shi cikin 'yan wasan da ke nishaɗantar da soja. Ana gobe zai tafi, sai ya tashi a bariki yana kwaikwayon Goebbels, ministan watsa labarai, sankiran Hitila, don ya ba abokansa dariya. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Wani daga cikin masu saurare ya kai tsegumi. Aka kama shi, aka kai shi kurkukun Moabit a Balin, inda ya shafe yawancin 1944. A watan Agusta aka yanke masa wata 9, a watan Satumba kuma aka fito da shi aka mayar cikin soja.

A watan Maris na 1945 aka kama ƙungiyarsu kusa da Frankfurt. Ana cikin tafiya da su sai ya sulale ya gudu. Ya kama hanyar gida a ƙasa, tafiyar kilomita wajen 600, da ciwo a jikinsa. Ya isa Hambug ran 10 ga Mayu, 1945, kwana 2 bayan Jamus ta miƙa wuya. Saura kwana 10 ya cika shekara 24.

SHEKARA BIYU A KWANCE

Da isarsa ya nemi ya koma sana'arsa. Ya ɗan yi wasan barkwanci, ya taimaki tsohon malaminsa Gmelin shirya wani wasa. Amma jiki magayi. Kafin 1945 ta ƙare ya kwanta, bai ƙara tashi tashin kirki ba. Magani ya yi wuya, abinci sai da kati, gari kuwa rabinsa tarin ƙasa ne.

Da ƙafa ta ƙi, sai ya kama alƙalami. A watan Janairu na 1946, yana gadon asibiti, ya rubuta labarin wani fursuna mai lamba 432, wanda ake fito da su kullum suna kewaya filin kurkuku a jere. Ran nan fursunan ya hangi wata 'yar fure rawaya a cikin ciyawa, irin wadda ko akuya ba ta kula da ita, sai ya yi ta dabara kwana da kwanaki har ya tsinke ta ya shiga da ita ɗakinsa. Wanda ya san Nuremberg ya san inda labarin ya fito. Daga nan ya bar kwaikwayon kowa, ya shiga rubutu da gajerun jimloli, da kalmomin da kowa ya sani. Yana rubutawa da hannu a kan gado, ubansa kuwa in ya taso makaranta sai ya zauna ya buga masa da tafireta. Ni dai ban san wata hidima da malami ya yi wa adabin ƙasarsu da ta fi wannan ba.

Akwai wani gajeren labarinsa na 1946 da nake so in taƙaita muku, don ku ga yadda yake duban aure. Sunansa Burodi. Wata tsohuwa ta farka da ƙarfe biyu da rabi na dare, ta ga mijinta ba ya kan gado. Ta same shi a madafa, ga ɓarɓashin burodi a kan tebur. Shekararsu 39 da aure. Yunwa ce ta sa ya saci burodin gida, kunya kuma ta sa ya yi mata ƙarya, ya ce motsi ya ji. Ta gane sarai, amma ta nuna ta yarda, don kada ta tozarta shi. Kashegari da dare ta ƙara masa yanka guda daga cikin rabonta, ta ce cikinta ba ya son burodi da dare. Iyakar labarin ke nan. Saurayin da bai taɓa aure ba ne ya rubuta wannan, amma ya san akwai cin amana ƙarami da kan fi babba ciwo, ya kuma san abin da ake kira rufin asiri.

WASAN DA YA FITO DA SUNANSA

A lokacin sanyin ƙarshen 1946 da farkon 1947, wanda ya yi tsanani ƙwarai a Jamus, ya rubuta wasan da na ambata, cikin kwana 8 kamar yadda aka ruwaito. Sunansa da Jamusanci Draussen vor der Tür, ma'anarsa A Waje, Bakin Ƙofa. Kafin in ba ku labarin, ku san halin da ake ciki. Mazan Jamus miliyoyi sun mutu, miliyoyi kuma suna tsare a hannun waɗanda suka ci su da yaƙi, har na ƙarshensu ba su baro Rasha ba sai 1955 da 1956. Mata da yawa ba su san ko su matan aure ne ko gwauraye ba. Wata ta jira, wata ta gaji. Da mazan suka fara komowa, wani ba hannu, wani ba ƙafa, wani ba ido, aure ya yi ta mutuwa, har kashe aure ya kai maƙura a 1948.

Jarumin wasan wani ƙaramin hafsa ne mai suna Beckmann. Ya yi shekara 3 a tsare a Saberiya, ya komo da gwiwa a sandare, da kai a aske, da wani mummunan tabarau na soja wanda ake ɗaurawa a kunne da igiya. Ya isa gida ya tarar da wani namiji a gadonsa. Ɗansa kuwa, wanda bai taɓa gani ba, gini ya danne shi lokacin ruwan bom. Sai ya tafi ya faɗa kogin Elbe don ya huta. Kogin, wanda aka siffanta kamar wata tsohuwa mai faɗa, ya ƙi karɓarsa, ya tofo shi gaɓa.

A nan ne hikimar Borchert take. Wata yarinya ta tsince shi a jiƙe, ta ji tausayinsa, ta kai shi ɗakinta, ta ba shi tufafin mijinta wanda ya ɓace tun yaƙin Sitalingirad. Yana zaune sanye da rigar, sai ga ƙarar sanduna a bakin ƙofa. Mai rigar ne ya komo, da ƙafa ɗaya. Abin da aka yi wa Beckmann jiya, ga shi yau ya yi wa wani. Ba wannan kaɗai ba, ashe mutumin yana ƙarƙashinsa a bakin daga, kuma umurnin Beckmann ne na kada ya bar wurin gadinsa ya jawo masa rasa ƙafar.

Daga nan Beckmann ya shiga bin ƙofofi. Ya je gidan kanar ɗinsa na dā, ya same shi yana cin abinci da iyalinsa a ɗaki mai ɗumi. A Rasha kanar ya taɓa danƙa masa mutum 20 ya tura su sintiri, 11 ba su komo ba, kuma tun daga ran nan ba ya iya barci. Ya zo ne ya mayar wa kanar da alhakinsu, kamar yadda ake mai da kayan aro. Kanar ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauka barkwanci ne. Ya je wajen mai gidan wasa neman aiki, aka ce masa mutane ba su son gaskiya a yanzu, abin dariya suke so. Ya je gidan iyayensa, ya tarar da wata baƙuwa a ciki, ta gaya masa ba ko tausayi cewa tsofaffin sun kashe kansu, don uban ya yi ƙaurin suna wajen ƙin Yahudawa, bayan yaƙi aka raba shi da fansho da gida. A ƙarshe mai ƙafa ɗayan nan, wanda shi kogin ya karɓe shi, ya zo wa Beckmann a mafarki yana neman kada ya manta da shi. Beckmann ya farka a titi shi kaɗai, yana ta tambaya, ba mai amsa masa. A nan labule ya sauka.

Ran 13 ga Fabrairu, 1947, gidan rediyon Hambug, wanda ke ƙarƙashin Turawan Ingila a lokacin, ya watsa wasan, wani ɗan wasa mai suna Hans Quest ya fito a Beckmann. Shi mai wasan bai ji ba, don an ɗauke wutar lantarki a unguwarsu a daren. Wasiƙu suka yi ta zuwa. Waɗansu tsofaffin soja suka ce ya faɗi abin da ke cikinsu, waɗansu mutane kuma suka zage shi, suka ce ya cika baƙin rai. Cikin 'yan makonni sunansa ya game ƙasa.

RASUWARSA

Suna ya zo, lafiya ba ta zo ba. A watan Satumba na 1947 abokansa da masu buga littattafansa suka haɗa ƙarfi suka kai shi wani asibiti a Basel, cikin ƙasar Siwizalan. Uwarsa ta rako shi har kan iyaka, aka hana ta ƙetarewa, ta koma. Allah Sarki, rabuwarsu ke nan. A gadon nan ya rubuta aikinsa na ƙarshe, wanda kira ne ga maƙeri da tela da likita da alƙali da matuƙin jirgi, da uwaye mata na kowace nahiya, cewa in aka sake nemansu su yi wa yaƙi aiki, su ƙi.

Ya rasu ran 20 ga Nuwamba, 1947. Kashegari, 21 ga wata, aka nuna wasansa a dandali karo na fari a Hambug, a gidan wasan wata mace mai suna Ida Ehre, Bayahudiya da ta sha ɗauri a zamanin Hitila ta tsira. Kabarinsa yana maƙabartar Ohlsdorf a Hambug.

YADDA MAJIGI YA JUYA LABARIN

Yanzu sai mu komo kan majigin da na fara da shi. Wanda ya shirya wasan a dandali, Wolfgang Liebeneiner, shi ne kuma ya mai da shi majigi. An ɗauke shi a garin Göttingen, aka fara nuna shi a watan Maris na 1949. Karl John ya fito a Beckmann, Hilde Krahl, matar shi Liebeneiner, ta fito a wata mace mai suna Anna Gehrke. A majigin su biyu suka gamu a bakin Elbe, kowa ya zo kashe kansa. Suka zauna, kowa ya ba ɗan'uwansa labarinsa. Ita ta rasa mijinta a yaƙi, ta rasa 'yarta, ta faɗa hannun maza iri iri don neman abin sawa a baka. A ƙarshe suka fasa mutuwa, suka ɗauki nauyin juna.

Ba zan ce majigin bai ƙara kome ba. A wasan Borchert matar Beckmann ba ta da baki, ba mu ji yunwar da ta sha ba, ba mu ji daren da ta kwana tana jiran wasiƙar da ba ta zo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, majigin kuwa ya bar mace ta nuna inda nata ɗakin ke yoyo. Wannan gyara ne na gaskiya. Akwai kuma wani aibi da masana suka ga wasan da shi daga baya, ni ma na yarda da su. Ya cika kukan wuyar da sojan Jamus ya sha, bai ce kome ba a kan wuyar da sojan nan ya ba mutanen Rasha, kisan Yahudawa miliyan 6 kuwa ko ambatonsa sosai bai yi ba.

Amma ku ji wane ne Liebeneiner. A 1941, shekarar da aka tura Borchert Rasha, shi ne ya shirya wani majigi mai suna Ich klage an, watau Ina Ƙara. Shi ma labarin aure ne da naƙasa. Matar wani likita ta kamu da cutar da ke shanye jiki sannu sannu, ta roƙi mijin ya raba ta da wahala, ya ba ta maganin da ya kashe ta, aka shirya labarin yadda mai kallo zai ga mijin ya yi daidai. Gwamnatin Hitila ce ta so a yi majigin, don a lokacin tana kashe naƙasassu da masu taɓin hankali a ɓoye, har sun kai wajen 70,000 kafin watan Agusta na 1941, tana kuwa so zukatan jama'a su saba da abin. Daga baya aka ɗora shi a kan aikin shirya majigi na Ufa, kamfanin majigi mafi girma a ƙasar. Watau sa'ad da Borchert ke kurkuku saboda ya kwaikwayi Goebbels, shi Liebeneiner yana cikin manyan ma'aikatan Goebbels ɗin.

To, da na san wannan sai ƙarshen majigin ya daina yi mini daɗi. Borchert ya bar Beckmann a waje da gangan, don tambayar da ya zo da ita ba ta soyayya ba ce, ta alhaki ce. Wa zai ɗauki alhakin mutum 11? Wa zai ɗauki alhakin ƙafar da aka yanke, da auren da ya mutu? Bai ɗora wa matar kaɗai ba, bai kuma wanke Beckmann ba, tun da ya sa shi ya sa rigar wani. Ya nuna kowa ya taɓa, na sama kuwa, waɗanda suka ba da umurni, su ne suka fi kowa barci. Majigin ya ɗauki tambayar nan ya lulluɓe ta da auren biyu, kuma hannun da ya lulluɓe ta yana cikin hannuwan da ake tambaya. Duk da sassaucin nan mutane ba su cika gidajen sinima don kallonsa ba, kuɗin da aka zuba bai komo ba. A 1949 Jamusawa sun ƙosa su manta, ko labarin da aka sa wa zuma ba su so.

Majigin ya kwanta, sai masu binciken tarihi ke tono shi. Wasan kuwa an juya shi cikin harsuna da yawa, an yi ta nuna shi, gajerun labarun Borchert kuma sun shiga littattafan karatu na makarantun Jamus, yara da yawa sun tashi da su. Yaron da ya bar makaranta ba takardar shaida, ga shi ya zama darasi a aji.

Shawarata ga wanda ya sami hali ita ce ya kalli majigin, don ya ji bakin matar, sa'an nan ya karanta wasan, don ya ji tambayar. Akwai fassararsa da Turanci, ba shi da tsawo, dare ɗaya ya isa. In kun kai wurin da Beckmann ke tsaye gaban kanar yana lissafa mutanensa, ku dakata ku tuna da karin maganarmu da ke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Ni tun da na karanta wurin nake tambayar kaina, shin a labarin nan kwikwiyon ya bi mai shi kuwa, ko kuwa ya bi wanda ya fi kusa ne kawai? Wanda ya sami amsa, shafin nan a buɗe yake, sai ya rubuto wa Edita mu ji a fitowa ta gaba.